Yawon Buɗe Ido A Ƙasar Yawuri: Kufai A Tudu, Garuruwa A Ƙarƙashin Ruwa

Uwargida, idan kika tsaya a bakin ruwa a Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, kika miƙa ido, ba abin da za ki gani sai ruwa shimfiɗe har iyakar ganinki, da kwale-kwalen masunta, da manyan jirage masu inji ɗauke da buhuna da 'yan kasuwa. Yaron da aka haifa a wurin zai ɗauka tun fil'azal haka Allah Ya ajiye ruwan nan. To, ba haka ba ne. Kakanninmu mata da yawa sun girmi tafkin Kainji.

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara a 1964 domin samar da wutar lantarki. A 1968 aka toshe kogin, ruwa ya taru ya yi baya har tsawon kilomita fiye da 130, tun daga madatsar zuwa wajejen Yelwan Yawuri. Kafin ya cika, sai da aka tashi mutane sama da 40,000 daga garuruwa da ƙauyuka fiye da 200 a ƙasashen Yawuri da Borgu. Tsohuwar Busa ta nutse. Mafi yawan tsibirin Hoge ya nutse. Haka gungunan da Gungawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna noman albasa a kansu. Wato duk jirgin da ya ratsa tafkin nan, bisa gidajen mutane da gonakinsu da maƙabartunsu yake wucewa, amma da wuya ki ji wani daga cikin fasinja ya ce wa ɗansa, “A nan ƙasa aka haifi kakarka.”

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne yadda mutanen wata ƙasa suka yi da nasu irin wannan rashin. Da yawanmu mun san Jamus ne ta rediyon Muryar Jamus da ke watsa shirin Hausa daga birnin Bon. Masuntan Kainji kuwa sun san Jamusawa ido da ido, domin a shekarun 1990 an yi aikin haɗin gwiwa na bunƙasa kamun kifi tsakanin Nijeriya da Jamus a tafkin, har aka yi ta fama kan hana komar da ke kwashe 'ya'yan kifi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, su ma suna da nasu Kainjin.

Tafkin Da Ke Mayar Da Ajiya

A jihar Hessen da ke tsakiyar Jamus an datse wani kogi mai suna Eder tsakanin 1908 da 1914. Ruwan ya ci ƙauyuka uku, Asel da Berich da Bringhausen, aka tashi mutum wajen 900. Idan aka kwatanta da namu, adadin ɗan kaɗan ne. Amma dubi abin da suka yi kafin su tashi. Majami'ar Berich sai suka kwance ta dutse bayan dutse, suka ɗauke, suka sake gina ta a sabon matsuguninsu, wanda suka raɗa wa suna Sabuwar Berich, kamar dai yadda aka sami Sabuwar Busa a nan. Ƙaburburan da ba a tone ba kuma aka rufe su da faifan siminti don kada ruwa ya yi wasa da ƙasusuwan iyayensu.

Yanzu, duk shekarar da aka yi ƙarancin ruwan sama, kamar 2018 da 2022, tafkin kan janye sosai, sai tsohuwar gadar Asel ta fito fili, gadar dutse mai baka huɗu wadda aka gina tun kafin madatsar. Tushen gidaje su ma su fito, da faifan ƙaburburan nan. Sai ki ga iyalai sun zo daga nesa, miji da mata da 'ya'ya da tsohuwa a kan keken guragu, suna takawa a kan gadar da ta yi wata da watanni a ƙarƙashin ruwa. An kafa alluna masu ɗauke da tsofaffin hotuna da bayanin abin da ke wurin a da, ta yadda jikan mutumin Berich zai iya tsayawa a inda ƙauyensu yake ya gane shi.

Wannan ɗabi'a ba a bakin tafki kaɗai take ba, ta game garuruwansu. Bajamushe na iya ɗaukar iyalinsa ranar hutu ba don ziyarar kowa ba, sai don su je su kalli tsohon gini. A Kolon akwai babbar majami'ar da aka aza harsashinta a 1248, ba a gama ta ba sai 1880. A Diresdin akwai wadda bama-bamai suka rusa a 1945, aka bar tarin duwatsunta kusan shekara 50, sannan aka sake gina ta aka buɗe a 2005. Da gangan suka mayar da tsofaffin duwatsun da suka yi baƙi a tsakanin sababbi farare, domin mai kallo ya gane abin da ya faru ba sai an gaya masa ba. Kuma tun daga 1993, kowace Lahadi ta biyu ta watan Satumba ana buɗe dubban tsofaffin gine-gine a faɗin ƙasar, har da waɗanda a kullum a kulle suke, kowa ya shiga ya gani.

Ba duk abin da ke dandalinsu ne za mu yi sha'awar kwaikwaya ba. Garuruwansu cike suke da mutum-mutumi. A Biremen, gefen tsohon zauren majalisar gari, akwai na tagulla da aka kafa a 1953, jaki da kare da kyanwa da zakara, wani bisa wani, daga wata tatsuniyarsu. Baƙi kan kama ƙafafun jakin na gaba su yi fatan alheri, har ƙafafun sun goge suna ƙyalli. Wannan kam sai dai mu ce Allah Ya kyauta. Mai salla biyar ta san inda ake kai buƙata. Amma akwai wani aikin nasu da babu siffar kowa a ciki, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Wani mai fasaha, Gunter Demnig, tun shekarun 1990 yake binne 'yan ƙananan faranta na tagulla, kowane bai wuce faɗin tafin hannu ba, a daɓen hanya a ƙofar gidajen mutanen da gwamnatin Nazi ta kama ko ta kashe tsakanin 1933 da 1945. Ba abin da ke jikin farantin sai suna da shekarar haihuwa da abin da ya sami mai sunan. A 2023 adadinsu ya kai 100,000 a Jamus da wasu ƙasashen Turai. Suna kawai aka rubuta, amma ya isa ya tsayar da mai wucewa.

Namu Na Laka Ne

Wata za ta ce, ai su da dutse suka yi gini, mu kuwa da laka. Gaskiya ne, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Tafkin Kainji ma kan janye kowace shekara, har manoma su bi ƙasar da ya bari su shuka, amma ba wata gada da za ta fito. Katangar laka da ta kwana cikin ruwa ta koma laka. Abin da kan leƙo shi ne kututturan itatuwan da ba a sare ba kafin a cika tafkin, waɗanda har yau matuƙa jirage ke kaffa-kaffa da su.

Sai dai ba komai ne ruwa ya ci ba. Wajen kilomita 14 kudu da Yelwa akwai Birnin Yawuri, wanda aka fi kira Bin Yawuri, tsohuwar hedikwatar masarautar. Ganuwarsa ta daɗe da zubewa, abin da ya rage kufai ne, kuma wanda bai sani ba zai iya wucewa ya ɗauka tudu ne kurum. Amma a 1830, da wasu Turawan Ingila biyu, wa da ƙane, Richard da John Lander, suka zo suka yi makonni a garin, girmansa ya ba su mamaki. Sun kiyasta kewayen ganuwar ya kai mil 20 zuwa 30, da manyan ƙofofi 8. Baƙon da ya sha tafiya yakan ƙara gishiri, ban musa ba, amma ko rabin haka ne, ki tsaya ki yi tunanin yawan hannun da ya kwaɓa ƙasar nan, da yawan matan da suka ɗebo ruwan kwaɓin, da waɗanda suka dafa wa magina abinci.

Abin da ya kawo Turawan nan biyu ne. Suna neman inda Kwara ta faɗa, kuma suna cigiyar takardun Mungo Park, wanda ya biyo kogin a jirgi ya tsaya a ƙasar Yawuri a farkon 1806. A nan ne ɗan rakiyarsa kuma tafintansa, Amadi Fatuma, ya rabu da shi, bai yi nisa ba kuma ya halaka a duwatsun Busa. 'Ya'yanmu na haddace sunan mutumin nan a makaranta don cin jarrabawa, ba su san cewa wurin da ya mutu yana ƙarƙashin ruwan da ake kamo musu kifi a ciki ba. Su kuwa 'yan'uwan nan biyu, daga Yawuri suka juya suka gangara, har suka isa teku a ƙarshen shekarar. Shekara 50 bayan haka, a 1880, wani Bajamushe, Eduard Flegel, shi ma ya hau kogin a hanyarsa ta zuwa Sakkwato.

Me ya mayar da birni irin wannan kufai? Ba baƙi ba ne. A zamanin jihadi Sarkin Yawuri Albishir ɗan Ayi ya yi amana da Gwandu, garin ya tsira. Rigimar gadon sarauta ce ta cikin gida, a tsakiyar ƙarni na 19, ta raba kan masarautar, sarauta ta bar birnin, har ta zauna a tsibiri na wani lokaci, kafin Sarki Abdullahi Abarshi ya kafa ta a Yelwa a 1888. Wannan darasi ne da uwa za ta iya ba 'ya'yanta a tsaye kan tudun ganuwar, musamman in 'ya'yan na ɗakuna daban-daban ne, ba sai ta yi dogon wa'azi ba.

A Yelwa kanta akwai fadar Sarki, da kasuwa, da mashigar jirage, inda ake yin bikin Rigata na tseren kwale-kwale. Kusa da garin kuma akwai wani tarihin da ya girmi ganuwar nesa ba kusa ba. A shekarun 1960, kafin ruwa ya taso, masana binciken kayan tarihi sun yi gaggawar tona wasu tuddai a kwarin. A wani tudu kusa da Yelwa sun sami tukwane da ƙananan siffofi na yumɓu da aka gasa, waɗanda aka kiyasta an yi su tsakanin ƙarni na 2 da na 7 na miladiyya. Ashe tun kafin Musulunci ya iso ƙasar Hausa da ɗaruruwan shekaru akwai masu ginin tukwane a bakin kogin nan. Kayan ba a Yelwa suke ba yanzu, kuma ni a ganina abin kunya ne a ce yaron Yawuri ba shi da ɗaki ko guda a garinsu da zai shiga ya ga ko da hotonsu. Argungu ta nuna ana iyawa: tsohuwar fadar da aka gina a 1831 ita aka mayar gidan tarihi na Kanta a 1958.

Akwai kuma wasu gine-ginen da ba wanda ke ɗaukarsu na tarihi, alhali sun haura shekara 50. Ina nufin gidajen da aka gina wa mutanen da aka tasa. Wani mai zanen gine-gine, Robin Atkinson, shi ya tsara su, na bulo da siminti, da rufi mai lanƙwasa, an jera su yadda za su yi kama da tsarin gidajenmu. Duk wadda ta bi ƙauyukan bakin tafkin ta gan su. Ki lura da kyau in kin je, za ki ga ɗakunan laka da rumbuna da zanaye da mutane suka ƙara a gefensu. Wannan ƙarin shi ne amsar da masu gidan suka ba mai zanen, ba tare da sun taɓa haɗuwa ba. Matar da ta saba da madafinta da inuwarta da inda take ɗaure awaki, ita ta san abin da takarda ta manta.

A Shanga kuwa, tarihin a baki yake. Shangawa na da harshensu, wanda bai haɗa dangi da Hausa ba, ɗan'uwan harshen Kyangawa ne da na mutanen Busa. Yau masu jin sa sun ragu ƙwarai, sai a wasu 'yan ƙauyuka na bakin kogi, Hausa ta mamaye sauran. Haka Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, da yawa daga cikin jikokinsu Hausa kaɗai suke ji. Sunayen garuruwa ma kansu alluna ne ga mai lura: Gungun Sarki, Dugu Tsoho, Tungar Giwa. Kowane suna tambaya ce da yaro zai so a amsa masa. Gungun wane sarki? In akwai tsoho, ina sabon, kuma me ya raba su? Yaushe rabon da a ga giwa a wurin?

Kaka Ita Ce Gidan Tarihin

Ga inda maganar ta shafe ki kai-tsaye, uwargida. Jamusawa na da duwatsu da hotuna da alluna, ko duk tsofaffinsu sun ƙare, gadar Asel za ta ci gaba da fitowa. Mu kuwa taswirar garuruwan da suka nutse tana cikin kawunan mutane ne kawai. Yarinyar da ke da shekara 12 a 1968, wadda ta isa ta tuna hanyar rafi da gidan ungozoma da bishiyar da ake gaɗa a gindinta, yau tana wajen shekara 70. Waɗanda suka yi aure suka haihu a can ba su da yawa kuma. Duk wadda aka kai makwancinta a cikinsu, da unguwa guda ake binne ta.

Kuma abin da mata suka riƙe ba shi ne abin da maza suka riƙe ba. Dattijo zai ba ki jerin sarakuna da iyakar gonaki da yadda aka yi da jami'an gwamnati. Tsohuwa ce za ta gaya miki abin da aka ɗauka da abin da aka bari: ko an iya ɗauko dutsen niƙa, yadda aka yi da tukwanen jere, wace mai ciki ce ta haihu a hanya, wane dare aka fara kwana a sabon gida da yadda rufin ya yi zafi, da yadda aka yi sallama da ƙaburbura. Ba a rubuta irin wannan a littafin makaranta, kuma ba za a rubuta ba in ba mu muka ajiye ba.

Ba aikin kuɗi ba ne. Wayar da ke hannunki tana ɗaukar murya. In kuka je gaida surukarki ko gwaggon maigida, ki zaunar da yaran, ki ce, “Inna, don Allah ba su labarin tsohon gari.” Kada ki yi mata tambayar 'yan jarida, ki bar ta ta bi hanyarta, ko da ta ɓata ta shiga labarin kishiyarta. Babbar 'yarki ta riƙe biro ta rubuta sunayen wurare yadda aka faɗe su, in da hali ta zana inda masallaci yake, da kasuwa, da mashaya. In tsohuwar na jin Shanganci ko Gunganci ko Kambarci, a roƙe ta ta faɗi sunayen kayan ɗaki da na kifaye da ƙirga ɗaya zuwa goma da harshen. A tura wa 'yan'uwa, kada ya zauna a waya ɗaya, don waya na faɗawa ruwa.

Ƙungiyoyin mata da makarantun Islamiyya na iya ɗaukar abin su kai gaba. Allo ɗaya na siminti a ƙofar masallacin kowane sabon gari, ɗauke da sunayen ƙauyukan da aka haɗa aka kafa shi da shekarar tashi, bai kai kuɗin ankon biki guda ba. Babu siffa a ciki, babu abin da malami zai hana.

Sai maganar tafiyar kanta, wadda ba zan ɓoye miki nauyinta ba. A ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da malamai, kuma 'yan matan ƙarshe ba su dawo hannun iyayensu ba sai a 2023. Makonni uku kafin wannan, a ranar 26 ga Mayu 2021, wani jirgi da ya yi lodi fiye da kima ya nutse kusa da Wara, aka rasa rayuka masu yawa, cikinsu har da mata da yara. Saboda haka ba a cewa a tashi kawai. Maigida ya fara tuntuɓar mutanen garin da za a je, ya ji halin da hanya ke ciki a makon nan, ba a watan jiya ba. A tafi da safe a dawo kafin la'asar. A nemi izinin hakimi ko mai gari, shi zai haɗa ku da wanda ya san inda ganuwa ta bi. In aka ce a dakata, a dakata, kufai ba ya gudu. A yi zaman kaka a gida tukuna.

Hutun watan Disamba ya fi dacewa. An gama girbi, hanya ta bushe, ciyawa ta kwanta har ana ganin tudun ganuwa, kuma a lokacin ne baƙin ruwa ke isowa, wato ambaliya ta biyu da ke tasowa tun daga tsaunukan Gini ta yi watanni a hanya, ba irin farin ruwan damina mai laka ba. Tafkin a cike yake, yara za su ga girmansa. In za a shiga jirgi, kowa da rigar kariya ta ruwa, har na goye, kuma jirgin da kika ga bakinsa ya kusa shafar ruwa saboda lodi, ki sauko da 'ya'yanki ko an riga an biya. Wadda ke son ganin kututturan tsohon daji sai farkon damina, lokacin da ruwa ya janye, amma lokacin ne kuma iska ke tasowa ba sallama, don haka a tsaya a gaɓa a nuna wa yara da hannu.